Ranar Da Aka Sace Muryar Edita

"Ba zan rubuta ba, Baba."

Falon ya yi tsit. Fankar sama ce kaɗai ke ƙara, tana kaɗa gefen labule. Baba ya ajiye kofin shayinsa a kan ɗan teburin gilashi, ya zare tabarau, ya dubi 'yarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Ban ji ba, Uwata. Maimaita."

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa tun tana zanen goyo bai taɓa kiran sunanta ba. Sauran dangi kuwa Edita suke ce mata, domin ita ke fitar da Labarin Gida, 'yar gajeriyar wasiƙar da ake tura wa dangi na kusa da na nesa ta waya duk ranar Asabar.

Tana durƙushe a kan kafet, farar rigar aikinta a ninke a cinyarta. Ta ɗago kai.

"Na ce ba zan rubuta ba. In ka hana ni aurensa, ka isa, kai ka haife ni. Amma in ɗauki waya in gaya wa dangi cewa ni da kaina na fasa, alhali ban fasa ba, wannan kam ba zan iya ba."

Yaya, babban wanta, yana zaune a hannun kujera yana wasa da makullin mota. Ya yi 'yar dariya.

"Ka ji ko, Baba? Digiri ke magana."

"Ba da kai nake ba, Yaya."

"Ai na sani. Yaushe rabon ki yi magana da mu, mu jahilai?"

Baba ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

A gidansu Labarin Gida ya wuce wasa. Wanda ya haihu, wanda ya ci jarrabawa, wanda ya canza gida, wanda aka kwantar a asibiti, duk a nan ake ji. Har ya zama in an kawo wa gwaggonni wani zance, sai su tambaya, "Edita ta rubuta?" In aka ce a'a, su ce to jita-jita ce. Abin da ya fito a ciki kuwa ya zauna ke nan, ba a sake tayar da shi.

Kuma ba wata wahala take sha ba. A cikin tasi, a hanyarta ta zuwa asibitin da take aikin gwajin jini, take zuba wa wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira duk abin da ta ji a mako, a hargitse, yadda ya zo bakinta. Kafin ta sauka manhajar ta tace shi ta mayar da shi 'yan layuka. Sai ta karanta, ta ƙara gishiri, ta tsokani wanda za ta tsokana, ta tura. Yara a gidan Sakatare suke kiran manhajar. Inna, mahaifiyarta, kuwa ba ta taɓa ce masa komai ba sai aljanin waya.

Saurin nan ne ya kashe ta.

Asabar ɗin da ta wuce hankalinta ba ya jikinta. Dogo, mai gyaran na'urorin asibitinsu, wanda magabatansa suka riga suka zo neman aurenta aka yi musu kyakkyawar tarba, ciwonsa ya tashi a tashar mota a gabanta. Ta san da ciwon tun farkon haɗuwarsu, shi ya gaya mata da bakinsa. Yana shan magani, ya daɗe rabonsa da faɗuwa. A cikin tasi ta gama zuba labaran mako, sannan ta ce, "Sakatare, yi sauri, zan biya in duba Dogo, farfaɗiyarsa ta tashi jiya, amma da sauƙi."

Sakatare ya yi abin da ya ga ya dace. Ya ɗauki maganar cikin ladabi ya sa ta a ƙarƙashin "Waɗanda za mu sa a addu'a." Ita kuwa, karo na farko tun da ta fara, ta tura ba ta karanta ba.

Kafin ta isa ƙofar gidansu Dogo, dangi kaf sun sani.

"Uwata," in ji Baba a hankali, "ba ƙin yaron nake ba. Yaro ne mai kunya. Amma ni na ɗauki ƙanena daga bakin rijiya, jikinsa na ɗigar ruwa. Irin wannan ciwon ne. Ba labari aka ba ni ba, da hannun nan na ɗauke shi."

"Allah ya ji ƙan Kawu. Amma Baba, shi bai taɓa ganin likita ba. Yanzu akwai magani. Ba a ɗaukarsa, ba ya hana aiki, ba ya hana aure. Aikina ke nan, na sani."

"Kin san na littafi."

"Na san shi ma, Baba."

Ya mayar da tabarau ɗinsa.

"Ta Labarin Gida maganar ta shiga dangi, ta nan za ta fita. In ni na faɗa, za a ce na wulaƙanta mara lafiya. In ke kika faɗa, kowa ya huta. Yau Asabar. Kafin azahar ina so in gani."

Ta miƙe.

"Yau ba Labarin Gida, Baba. Edita ta tafi hutu."

* * *

A kicin Inna ta tare ta, ta jawo ta ciki ta turo ƙofa. Ruwa na tafasa a buta ba wanda ya kula shi.

"Ke wace irin zuciya gare ki? Mahaifinki yana roƙonki kina tsaye kamar turken wuta?"

"Umarni ya ba ni, Inna, ba roƙo ba."

"A bakinsa duk ɗaya ne, kin fi kowa sani." Ta share ido da gefen mayafi. "Ki dube ni. Ni zan zauna ina jiran waya, a ce mini ya faɗi da jikana a hannu? Ko ya faɗi a kan titi ke kina wurin aiki?"

"To wanda ba shi da ciwo, an ba ku takardar cewa ba zai faɗi ba?"

"Kar ki yi mini lauyanci."

Edita ta sunkuyar da kai. Hawayen da ta hana fita a falo suka ƙwace.

"Inna, ni na tona masa asiri. Abin da ya ɓoye wa duniya ya ba ni ajiya, na watsa shi da ɗan yatsana. Bai ce mini ko uffan ba. Da na je ina kuka shi ke lallashina, yana kwance, leɓensa a fashe. Yanzu kuma in juyo in ce na fasa? In kashe shi sau biyu?"

Inna ta sauke butar.

"Abokin yayanki, Injiniya, har jiya ya aiko a gaishe ki."

"Na gode. A ce masa ina amsawa daga nesa."

"Mutum ne lafiyayye."

"Ai na ga alama. Ranar da ya zo, tun da ya zauna har ya tashi labarin tayoyin motarsa yake ba ni. Ni har tausayin tayoyin na fara ji."

Dariya ta so kuɓuce wa Inna, ta danne ta da tsaki.

"Bakin nan naki shi zai kai ki ya baro. Duk aljanin wayar nan ne ya jawo mana. Da can da ake aiken baki, wa ya taɓa jin irin wannan?"

"Ba laifinsa ba ne, Inna. Abin da na faɗa ya rubuta. Ni ce ban duba ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita. A bakin ƙofa ta wuce Yaya yana goge gilashin mota yana fito. Bai ce mata komai ba. Wannan shirun nasa ya kamata ya ba ta tsoro, amma ranta na wani wuri.

* * *

Tana kan na'urar hangen ƙwayoyin cuta, safar hannu a hannunta, wayarta ta fara kaɗawa a aljihu. Ta share. Wayar ta sake kaɗawa. Ta ci gaba kamar an kama ƙwaro an saka mata a riga.

Ta cire safar, ta fita baranda.

Saƙon babbar gwaggonsu ta fara gani. "Allah ya yi miki albarka, 'yar halak. Dama na san kina da hankali."

Na wata 'yar kawunta. "Edita, kin burge ni wallahi. To wane ne albishir ɗin? Ko mai jar motar nan ne?"

Ta buɗe zauren dangi na waya, ta ja sama.

Ga shi nan. Labarin Gida, da kansa da ƙafarsa, a lokacin da ya saba fita.

"Dangi, barkanmu da Asabar. Jaririyar Anti Ƙarama ta fara haƙori, duk mai son yatsansa ya yi nesa. Kawu Direba ya sake rantsuwa motarsa lafiyarta lau, an dai hango shi yana tura ta. Sai kuma labarin Editarku. Na zauna na yi tunani, ni da kaina na janye daga maganar aurena da Dogo. Ba wanda ya tilasta ni. Ina neman afuwarsa, ina neman afuwar duk wanda na ɓata wa rai. Akwai wani albishir yana tafe, ku wanke kunnuwa. Taku mai surutu."

Ta karanta. Ta sake karantawa. Ta jingina da bango.

Muryarta ce. Tsokanarta ce. Har "ku wanke kunnuwa" ɗin nata ne, har rufewar. Da wani ya nuna mata shi bayan shekara, da ta rantse ita ta rubuta.

Sai ta tuna. Yaya ne ya buɗe mata manhajar tun farko, lambar sirrin tasa ce. Duk wasiƙun da ta taɓa yi suna ciki a jere. Da yake zauren a hannunsa yake, sau da yawa in wayarta ta mutu shi take tura wa ya saka, ba wanda zai ga baƙon abu don yau ta lambarsa ya fito.

Ta buɗe manhajar. Umarninsa na nan bai ko goge ba. "Ka rubuta na wannan makon da salon na baya. Ka sa haƙorin jaririya, da motar Kawu, da cewa na fasa auren Dogo don kaina. Ka sa ban haƙuri."

Ta kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Edita! Ya hutu?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah."

"Ashe abin ba wuya. Ni da nake zaton baiwa ce. Ko shayina bai huce ba ya gama."

"Ƙarya ka yi da bakina!"

"Taimakonki na yi. Kin ce hannunki ba zai iya ba, na ara miki nawa. Ki yi shiru kawai, ƙura ta lafa, kowa ya huta."

"Baba ya sani?"



"Ki duba zauren," ya ce, ya kashe.

Sabon saƙo ne na murya, daga Baba, mutumin da bai taɓa magana a zauren ba tun da aka buɗe shi. Ta kara a kunne.

"Jama'a, ku shaida. Uwata ta bi maganata. Da safe ta yi fushi, amma ta dawo. Na yafe mata duniya da lahira. Allah ya yi mata albarka, ya ba ta 'ya'ya masu yi mata biyayya kamar yadda ta yi mini."

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Kuka yake.

Bai sani ba. Ya ɗauka ita ce.

Ta zame ta zauna a kan simintin barandar, da farar rigarta, masu jinya suna wucewa suna kallonta.

* * *

Ɗakin gyara yana can bayan asibiti, kusa da injin wuta. Warin dalma da man inji ya cika shi. Dogo yana sunkuye a kan buɗaɗɗen injin juya jini, ya jera ƙananan kusoshi a murfin gwangwani. Tabon leɓensa bai gama warkewa ba.

Bai ɗago ba.

"Ki kula da wayar nan ta ƙasa, da wuta a jikinta."

"Ka gani?"

"An turo wa Mama. Ita ta turo mini."

"Dogo, wallahi tallahi ba ni..."

"Na sani."



Ya ajiye sukudireba, ya goge hannu da tsumma, ya yi wani guntun murmushi.

"An ba da haƙuri har sau biyu a layi ɗaya. Ke? Ranar da kika taka mini ƙafa a layin tasi cewa kika yi ƙafar ce ta yi tsawo."

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta zauna a kan wani akwatin ƙarfe ta rufe fuska.

"Yaya ne. Ya sa Sakatare ya kwaikwaye ni. Yanzu zan ƙaryata, yanzun nan, a gabanka."

"Kar ki yi."

Ta ɗago.

"Me ka ce?"

"Na ce kar ki yi." Ya jawo kujera ya zauna nesa da ita kaɗan. "Kin san yadda makon nan ya kasance mini? Mai shagon layinmu ya ware mini kofi. Maƙwabciyarmu ta hana yaranta shigowa gidanmu. Jiya shugaban sashe ya kira ni, wai ko zan daina hawa tsani, don lafiyata. Shekara da shekaru ina hawa tsanin nan."

"Ni na jawo maka."

"Ban ce ke ba ce. Ina gaya miki ne kawai. Makon jiya ni ne labari. Yau ma ni ne labari. In kika ƙaryata, mako mai zuwa ma ni ne, da na bayansa. Na gaji da zama labari. Mama tun safe take kuka, ta ce ita ba ta haifi ɗa don a riƙa karanta shi a waya ana taɓe baki ba."

"To in yi shiru? Ka karanta ƙarshensa kuwa? Albishir yana tafe. Ka san ko wane ne albishir ɗin. A gidanmu abin da ya fito a wasiƙar nan ya zauna. In na kwana ban ce komai ba, na amince ke nan. Mako mai zuwa mutanen Injiniya za su cika mana falo, kowa ya ce ai ita ta faɗa da bakinta."

"Sai ki ce ba kya so."

"Su buɗe waya su nuna mini maganata? In ce musu me?"

Ya murza tsumman a hannunsa.

"Na ji saƙon mahaifinki," ya ce. "Shi ma an turo. Mutumin nan kuka ya yi a gaban danginsa. In kika fito kika ce ƙarya ne, kin tsinka shi a tsakiyar kasuwa. Ki gaya mini, wane uba ne zai ɗauki 'yarsa ya ba wanda saboda shi aka yi masa haka? In kin yi shiru, wataƙila wata rana ya huce. In kin yi magana, kin rufe ƙofar da hannunki."

"Wace ƙofa? Wadda za a shigo da wani ta cikinta kana tsaye kana jira?"

"Ni dai roƙonki nake."

"Kai ma? Baba ya ce in yi ƙarya, Yaya ya yi mini ita, kai kuma ka ce in rungume ta in goya?" Ta miƙe, hawaye na zuba ba ta ko sharewa. "Ka dube ni, Dogo. Ka ce mini ba ka sona, in tafi in bar wasiƙar nan yadda take. Faɗi."

Ya kau da kai ya dubi bango.

"Kin san ba zan iya faɗa ba."

"To ni ma ba zan iya ba. Abin da ya hana ka shi ya hana ni."

"Ba ɗaya ba ne. Ni shiru na ce ki yi."

"Shiruna yanzu magana ne. An riga an cika shi da kalmomi."

Ya sunkuyar da kai. Da ya sake magana, muryarsa ta yi ƙasa har sai da ta matso.

"In kika tura, Mama ba za ta sake taka gidanku ba. Ta rantse. Ni kuma ita kaɗai gare ni. Ita ta riƙa kwana a zaune tana riƙe kaina tun ina yaro. Ba zan tsallake ta ba, ko don ke."

Injin wuta na waje ya tashi, ɗakin ya ɗauki rawa. Kusoshin da ke murfin gwangwani suka shiga karkarwa.

Ta daɗe tana kallonsa. Dogayen yatsunsa, baƙin mai a ƙarƙashin farce, ɗan kwalin maganin da ke leƙowa daga aljihun rigarsa.

"Ba zan sa sunanka ba," ta ce. "Wannan kaɗai zan iya yi maka."

Ta ciro wayar. Manhajar na buɗe inda ta bar ta. Haushi ya sa ta rubuta wa Sakatare, "Ka yi ƙarya da sunana."

Amsa ta fito nan take, cikin ladabin da ya saba. Ya ce ya yi zaton ita ce ta ba da umarnin, ya ba ta haƙuri, ya ce in tana so zai rubuta mata gyara mai taushi da salonta, wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba.

Ta yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

"Ka ji, wai wanda ba zai ɓata wa kowa rai ba."

Ta rufe shi. Ta shiga zauren dangi, ta rubuta da babban yatsanta, harafi bayan harafi, ba tsokana, ba gishiri.

"Wasiƙar yau ba ni na rubuta ba. Ban janye ba, kuma ba zan janye ba."

"Don Allah," in ji Dogo.

Ta tura.

Bai yi ihu ba, bai zage ta ba. Ya miƙe, ya ɗauki sukudirebansa, ya koma kan injin. Ya yi ta ƙoƙarin saita kusa a raminta, ya kasa.

"Ki gaishe da Inna," ya ce, bai juyo ba.

* * *

Da yamma ta sauka daga tasi a bakin layinsu. Tun a hanya wayar ta daina kaɗawa. Ta duba ta ga dalili: an cire ta daga zauren. Zauren da ita ta tara mutanensa ɗaya bayan ɗaya, har da tsofaffin da ta koya wa yadda ake danna waya.

Motar Yaya ba ta nan. Inna na zaune a kan matakalar kicin, idanunta sun kumbura. Ta dubi 'yarta, ta girgiza kai, ta nuna falo da haɓa.

Baba yana inda ta bar shi da safe. Kofin shayin ma yana nan, ya yi sanyi, an manta da shi. Wayarsa na kife a kan tebur.

Ta durƙusa.

"Baba, barka da yamma."

Ko inda take bai duba ba.

"Baba, Yaya ne ya..."

"Na sani. Ya faɗa da bakinsa. Na kore shi daga gabana, kuma zai daɗe bai ga haƙorina ba."

Wani ɗan sanyi ya fara shiga ranta. Ta matso da gwiwa.

"To ka ga ke nan, Baba, ba ni da..."

"Da kin zo nan," ya ce. "Da kin shigo falon nan kin rufe ƙofa kin ce, Baba, an yi maka ƙarya. Ni da ke."

"Da ka ce in yi shiru."

Ya dube ta. Bai musa ba.

"Da na ce ki yi shiru," ya amsa. "Kuma da kin yi, da ban mutu da baƙin cikinki ba. Na tsaya gaban 'yan'uwana, da ƙannena, da surukaina, na sa miki albarka ina hawaye kamar yaro. Ke kuma kika ɗauko ta a gabansu kika dawo mini da ita."

"Ba albarkar na ƙi ba, Baba. Wadda ka sa wa ba ni ba ce. Wata ce da aka ƙera a waya."

"Waccan ɗin ita na so in haifa."

Maganar ta shige ta kamar allura.

Baba ya ɗauki tabarau ɗinsa ya sa a aljihu, ya dafa hannun kujera ya miƙe da ƙyar. Yau ta ga ya tsufa.

"Ba zan ba ki Injiniya ba, tunda kin faɗa wa duniya ba kya so. Ba a yi wa mace irinki dole. Wancan kuma, muddin ina numfashi, a'a. Ga ɗakinki nan, ga abinci, ba wanda zai kore ki."

Ya nufi ƙofa. A bakin labule ya tsaya, ya ɗaga murya ya kira Inna.

"Ki ce wa yarinyar nan ta ɗauke kofin nan."

Yarinyar nan.

Tun da ta zo duniya ba ta taɓa jin ya kira ta da wani abu ba Uwata ba.

Ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta kai kicin, ta wanke shi tas, ta kife. Inna na bayanta tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Da me kika tsira yanzu? Ki gaya mini, da me kika tsira?"

Edita ta goge hannunta a jikin farar rigar. Idanunta sun bushe, kukan ma ya ƙare.

"Da bakina, Inna."

"Sai ki ci shi ai."

Ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin gado. Ta duba waya ko Dogo ya ce wani abu. Bai ce ba, kuma ta san ba zai ce ba. Gobe za ta wuce ta ƙofar ɗakin gyara, ta ji ƙarar kayan aikinsa, ta wuce. Jibi ma haka. A gida za ta gaida Baba kowace safiya, ya amsa wa bango.

Ta ƙi yin ƙarya, kuma ba ta yi ba. Abin da ta biya shi ne mutumin da take so, da dangin da take ba dariya duk Asabar, da sunan da mahaifinta ke kiranta da shi. Ba ɗaya daga ciki da zai dawo don ta yi gaskiya.